Muryar da Na Riƙa Kai wa Hajiya Dudu

Akwai maganar da ake yi a kaina a garin nan, na kuma san ta iso kunnenku ko da yake ba wanda ya taɓa tarata da ita a cikinku. Ana cewa ubanku ya haɗa baki da wata Baturiya sun ɓoye mutuwar mutum har kusan shekara biyu. Rifkatu ta ji ta a wurin aikinta. Ishaya kuma na san a kanta ya yi faɗa da wani a kasuwar Muda Lawal, ya dawo da kumburarren leɓe ya ce mini wai gardamar ƙwallo ce. Ban taɓa zaunar da ku na faɗi yadda aka yi ba, domin a cikin maganar akwai ƙarya akwai gaskiya, kuma gaskiyar ba mai daɗin faɗi ba ce. Yanzu da hannuna ya fara rawa, gara in rubuta tun ina iyawa.

Kun san a gandun daji na yi aikina, wurin renon dashe, har na yi ritaya. Wata biyar ina zaune a ƙofar gida a Yelwa ina kallon masu wucewa, har uwarku Saratu ta fara cewa zaman zai kashe ni kafin tsufa ya zo. Ana haka wani tsohon shugabanmu zai koma wurin 'yarsa a Ingila, ya kira ni ya ce in riƙa duba masa itatuwan gidansa na GRA. Da na fara shiga unguwar da idon mai aiki sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Gidaje ne manya a jere, masu su duk suna ƙasashen waje. An bar maigadi a ƙofa, shi kuwa maigadi ƙofa ya sani, bai san gara tana cin saiwar lemo ba, bai san reshen maɗaci yana shirin faɗa wa kwano ba. Na gyara gidan shugaban namu, na ɗauki hoto na aika masa. Ya nuna wa wani a can, wanin ya nuna wa wani. Kafin shekara ta zagayo ina riƙe da makullan gida tara a cikin gwangwanin madara, har da na wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa da ya koma ƙasarsu, da na wasu malaman makaranta 'yan Indiya. Na ɗauki magidanta biyu 'yan garinmu, na sayi baro da manjagara da tiyo da almakashin shinge. Na sake zama mutum mai fita da safe.

Sai dai wanda bai yi aiki a gidan da ba kowa ba, ba zai gane irin shirun wurin ba. Da tsakar rana, in iska ta tsaya, sai ka ji faɗuwar ganye ɗaya. Labule a sauke a kowace taga. Mota a lulluɓe, tayoyinta sun kwanta. A gidan Kwaran akwai lilon yara da iska kan kaɗa, a wani gidan kuma agogon falo bai daina bugawa ba, kana tsakar shara sai ka ji ya buga sha biyu a ɗakin da aka shekara huɗu ba a buɗe ba. Ni dai na yi wa kaina doka, ban shiga ɗaki, ban leƙa taga. Iyakata ƙasa da itace.

Gida na shida da na karɓa shi ne na Likita Habibu. Ɗan cikin gari ne, ya tafi Jamus karatu tun yana saurayi, ya zauna can yana aikin asibiti, ya auri Baturiya mai suna Katrin. Sau ɗaya tak na gan shi ido da ido. Sun zo da damina shi da matar, dogo ne siriri mai magana a hankali, ya zagaya da ni lambun itace bayan itace kamar mai gabatar da danginsa. Da muka iso wurin wani mangwaro da ke bakin rijiya ya dafa shi ya ce daga ƙwallon mangwaron gidansu ya shuka shi da hannunsa. A nan ya roƙe ni abu ɗaya da ba ya cikin aikin lambu. Mahaifiyarsa, Hajiya Dudu, tana cikin gari, ta haura tamanin, idonta ya tafi. Ba ta taɓa taka wannan gidan ba, saboda ba ta so auren da ya yi ba. Wanda ke riƙe da gidan nasu, Malam Nasiru, ɗan ƙanin mahaifinsa ne, kuma ba sa ga maciji da juna. Yana so duk abin da ya fara nuna a lambun, ko gwaiba ko lemo ko gwanda, in kai mata da hannuna, in kira shi a wayata su gaisa. Na ce wannan ai ba komai ba ne.

Haka muka yi wajen shekara guda. Yakan kira ni ta hoto in zagaya da shi lambun, yana dariya yana tambaya, har tsiyar yadda na aske shinge yake yi mini. Wata rana ya kira, na ga ya rame, ya ce wani magani da ya sha ya taɓa masa kunne, ba ya jin magana ta waya sosai. Daga yanzu zai riƙa aiko saƙon murya duk farkon wata, ɗaya nawa ɗaya na Inna, haka yake kiranta. Mu ma mu ɗauki namu mu aika, yana da na'urar da zai saurara da ita a nutse. In akwai abin gaggawa matarsa za ta rubuto. Na yi masa sannu. Ban kawo komai a raina ba.

Duk farkon wata saƙo biyu kan shigo. Nawa gajere ne, kuma kullum yana dacewa da lokaci: yanzu ruwa ya kusa, a share magudana; yanzu gara za ta taso, a duba gindin lemo. Na Hajiya kuwa dogo ne. Nakan ɗauki kwandon 'ya'yan itace in hau babur in shiga cikin gari bayan la'asar. A yi mini iso daga zaure, in same ta a ƙofar ɗakinta a kan buzu, carbi a hannu. Ta saba da ni har takan gane takuna. Takan ce Malam Bitrus ne, a kawo masa ruwa. Sai ta karɓi wayar da hannu biyu ta kara a kunne. Yadda yake yin saƙon shi ne abin da har yau in na tuna tsigar jikina ke tashi. Zai ce, Inna ina wuni, sai ya yi shiru daidai yadda za ta amsa. Ta amsa. Ya ce yaya ƙafar, ya yi shiru. Ta ce da sauƙi. Wanda ya tsaya a bayan katanga zai rantse hira suke yi. In ya gama sai in danna mata, ta ba shi labarin unguwa, wanda ya rasu, wadda ta haihu, wanda ya tafi Umara. A saƙo na gaba zai ce ya ji duk abin da ta faɗa, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya raya waɗanda aka haifa. Ni a lokacin ban ga aibin wannan ba. A bayan muryarsa kullum akwai wata 'yar ƙara mai bugawa ɗaya bayan ɗaya, na ce a raina ai likita ne, a wurin aiki yake ɗauka.

Guguwar farkon damina ta wannan shekarar ta tumɓuke mangwaron bakin rijiya. Na zo da safe na tarar da shi kwance, saiwarsa a sama. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san matsayinsa a wurin mai shi. Na ɗauki hoto, na yi dogon bayani da murya, na ba da haƙuri. Amsa ta zo a rubuce da Turanci, cewa sun yi baƙin ciki, a sare shi a raba wa masu gadi itacen. Na jira saƙon wata mai zuwa in ji abin da zai ce da bakinsa. Ya yi maganar magudana, ya yi maganar taki, bai ambaci mangwaro ba. Na ce wataƙila abin ya yi masa zafi ne har ba ya son tayar da shi.

Damina ta wuce, kaka ta wuce, sanyi ya shigo. Ranar da saƙon wannan watan ya zo ina cikin lambun nasa ni kaɗai, na tura abokan aikina gidan 'yan Indiya. Rana ta take tsaka. Na zauna a kan kututturen mangwaron nan, don nan ne wurin hutuna tun da aka sare shi, na kunna.

"Malam Bitrus, barka da aiki. Na san yanzu mangwaron bakin rijiya ya fara fure. Ka rage masa ruwa, kada furen ya zube. In ya nuna, na farko na Inna ne."

Sai ya yi tari sau biyu, ya ce a gafarce shi, ya yi sallama.

Na daɗe zaune ban motsa ba. Ina kallon ƙasa tsakanin ƙafafuna, inda tururuwa ke shiga ɓawon kututturen. Can na ja saƙonninmu baya, na yi ta ja har na kai na sanyin bara. Na kunna. Barka da aiki. Mangwaron bakin rijiya. Tari sau biyu. A gafarce ni. Ba wai ya maimaita magana ba ne, maganar ce guda, har inda numfashinsa ya sarƙe. Na ɗaga kai na dubi gidan. Tagogi a rufe, labule a sauke kamar kullum, amma sai na ji kamar an daɗe ana kallona daga ciki. Na bar tiyo yana zuba, na kulle ƙofa na fita. Sai da na kai shataletale na tuna ban kashe famfo ba, kuma ban koma ba.

Da na kunna wa uwarku saƙonnin biyu, ta aje tsintsiyar da ke hannunta ta ce in kira lambar yanzu, ta hoto, kada in tsaya rubutu. Na kira sau uku ba a ɗauka ba. A na huɗu fuskar Katrin ta fito. Ta tsufa fiye da yadda na santa, gashinta ya yi fari. Da ɗan Turancina na ofis na gaishe ta, na ce ina son ganin Likita, ko da ba zai ji ni ba, in gan shi kawai ya ɗaga mini hannu. Ta ƙura mini ido. Na ce mata saƙon wannan watan na bara ne. Sai ta rufe bakinta da hannu.

Ta ce ya rasu wata goma sha shida da suka wuce, 'yan makonni bayan ranar da ya ce mini kunnensa ya taɓu. Kunnensa lafiya lau yake. Ciwon daji ne, kuma da yake likita ne ya san kwanakinsa. A gadon asibiti ya ɗauki saƙonnin nan duka, ya jera su wata-wata, ya rubuta mata ranar da za ta aika kowanne. Nawa na shekara ɗaya da 'yan watanni ya samu ya yi kafin ƙarfinsa ya ƙare, shi ya sa da suka ƙare ta koma ta ɗauko na baya, ba ta san abin da ke ciki ba tun da ba ta jin Hausa. Na Inna ya fi yawa, don su ya fara yi. Ya sa ta yi masa alkawari. Ya ce mahaifiyarsa ta binne 'ya'ya huɗu, shi kaɗai ya rage, ba zai bari ta binne na biyar ba. A lissafinsa ba za ta kai ƙarshen saƙonnin ba. Na tambaye ta, to amsoshin da Hajiya ke aikawa fa, wa ke saurare? Ta ce ita. Takan zauna a kicin ta kunna, ba ta gane ko kalma ɗaya, amma takan saurara har ƙarshe. Daga nan ta roƙe ni. Saura saƙo tara. Ta ce in taimake ta ta cika alkawarin mamaci.

Ga inda gaskiyar da ba ta da daɗi take. Ban ce mata to ba, ban kuma ce a'a ba. Na kashe waya na yi shiru, kuma shirun nan ya kai wata biyu.

Uwarku ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai ce abu ɗaya, tana tsince shinkafa ba ta ko dube ni ba.

"Baban Rifkatu, da Ishaya ne ya mutu a wata ƙasa, wani yana zuwa yana kunna mini muryarsa yana shan ruwana, me kake so in kira wannan mutumin ranar da na gane?"

Na ce mata mai maganar ya fi mu sanin uwarsa, kuma likita ne, in labarin ya kashe tsohuwa wa zai ɗauki alhakin? Wannan shi ne abin da na faɗa. Abin da ban faɗa ba shi ne tsoro nake ji. Ni baƙo ne a wannan gidan, Kirista daga kudancin jiha, mai yankan ciyawa. In shiga gidan malamai a cikin gari in ce ɗansu ya mutu tun bara, kuma ni ne nake kawo muryarsa? Na san yadda za a dube ni. Na kuma san aikina duka a kan yarda yake tsaye, in magana ta fita ba mai sake ba ni makulli.

Don haka da wata ya kama na ɗauki gwaiba na tafi. Na miƙa mata waya. Ya ce Inna ina wuni, ya yi shiru, ta amsa. Ina zaune taku biyu daga gare ta ina jin 'yar ƙarar nan a bayan muryarsa, yanzu na san ta injin da ke gefen gadonsa ce. Ruwan da aka kawo mini ban iya sha ba. Wata na biyu ya fi muni. Da ta zo ba da amsa ta ce masa ta sa an yi sadakar waina saboda kunnensa. Ta ce ta yi tunani, shekaru sun ja, maganar aurensa ta wuce a wurinta. In Allah ya kai mu babbar Sallah ya zo da matar, tana so ta shafa fuskarta ta ji irin matar da ta riƙe mata ɗa shekara talatin. Ni ne na riƙe wayar tana faɗin haka. Ni ne na danna na aika.

A tsakanin nan lambun nasa ya zame mini wani abu dabam. Na ci gaba da zuwa, don itace bai san an yi mutuwa ba. Amma na daina zuwa ni kaɗai. In na sunkuya ina cire ciyawa sai in ji kamar mutum na tsaye a bayana yana jiran in gama ya yi tambaya. Sau biyu na tsinci kaina ina cewa sannu Likita da ƙarfi, abokan aikina suka dube ni. Ban ga komai ba, kada wani ya ce muku na ga fatalwa. Abin da ke bina a cikina yake.

Wata na uku na shiga gidan da kwandon lemo, ban yanke shawarar komai ba. Na gaishe ta na miƙa waya. Ba ta miƙo hannu ba. Ta ce wa matar Malam Nasiru, wadda ta kawo ruwa, ta ba mu wuri. Da takun matar ya yi nisa sai ta juyo da fuskarta daidai inda nake, kamar mai gani.

"Malam Bitrus, wata huɗu ke nan da na gaya wa Habibu Goggonsa ta rasu. Ita ta goye shi, a ɗakinta ya yi wayo. Ya ce mini Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Habibu ba zai ce wa Goggonsa waɗanda suka rasu ba."

Ta ci gaba.

"Kai kuma zuwa biyu ke nan ba ka sha ruwan gidan nan ba. Ina jin kofin in an ɗauke shi, a cike yake. Zan tambaye ka, ka ji tsoron Allahn da kake bauta wa. Wanda nake gaisawa da shi, mai rai ne?"

Na ce, "A'a, Hajiya."

Ba ta yi kuka ba, ba ta faɗi ba. Ta yi salati, ta ce daga Allah muke gare shi za mu koma, ta maimaita sau uku a hankali. Sannan ta shiga tambayata ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba kaya. Yaushe? Da wane ciwo? Wa ya yi masa wanka? Na gaya mata abin da Katrin ta gaya mini, cewa mutanen masallacin garin ne suka yi masa wanka da sallah, suka binne shi a maƙabartar Musulmi. Ta tambaya ko an fuskantar da shi alƙibla, na ce haka aka ce mini. Ta gyaɗa kai. Ta ja carbinta ta ƙirga wani abu da yatsa.

"Shekara ɗaya da rabi ina tashi ina roƙa masa lafiya da buɗi da tsawon rai. Yana kwance yana jiran in roƙa masa gafara, ina roƙa masa kunne."

A nan ne muryarta ta karye. Da ta dawo daidai ta tambaye ni yaushe na sani. Na so in ce jiya. Na ce wata biyu.

"To, wata biyun nan naka ne. Sauran nasa ne shi da matarsa. Allah ya yafe muku gaba ɗaya. Kira mini Nasiru."

Abin da ya biyo baya kun ga wani da idonku. Aka yi zaman makoki kwana uku kamar ranar aka yi rasuwar. Malam Nasiru ya ce ni da Baturiya muka shirya don kada gidan GRA ya shiga rabon gado, ya kai ni gaban mai unguwa. Da ba don Hajiya ta sa an kai ta har can a keken guragu ta ce ita ta tambaya ni kuma na faɗa mata gaskiya ba, da ban san inda maganar za ta tsaya ba. Amma bakin mutane ba ya jiran hukunci. Labari ya kai ƙasashen waje kafin mako ya cika. Ɗaya bayan ɗaya aka riƙa aiko 'yan'uwa su karɓi makulli. Wasu sun ce ba za su bar gida a hannun mai ɓoye mutuwa ba. Wani kuma, tsohon shugaban nan namu da ya fara ba ni aikin, ya ce shi matsalarsa ban iya riƙe sirri ba. Gida biyu suka rage mini, na sallami abokan aikina, ɗayansu har yau ba ya gaishe ni da kyau. Katrin ta rubuto layi ɗaya, cewa na karya abin da ba nawa ba. Gidan Likita aka sayar, wanda ya saya ya sare itatuwan duka ya yi gini.

Sauran saƙonnin bakwai Hajiya ta ce kada a kawo mata. Ta ce ya yi magana ya isa, yanzu lokacinta ne ta yi masa. Ni na zaci ba za ta sake son jin takuna ba, amma bayan arba'in ta aiko a tambaya ko lemo ya ƙare a duniya ne. Daga nan na koma zuwa duk farkon wata, da abin da na samu a 'yar gonata ta Tirwun. Mukan zauna ta tambaye ni irin itatuwan da ke lambun da ba ta taɓa shiga ba, in lissafa mata, ta ce ashe yaron nan yana da hannu. Labarin bai kashe ta ba. Ta ƙara shekara biyu da wata uku, kuma matar Malam Nasiru ta gaya wa uwarku ba a yi sallar da ta idar ba ta ambaci sunansa ba.

Da ta rasu na ga ya kamata in sanar da Katrin, ko da ba ma magana. Na rubuta mata. Washegari da hantsi ina gona a Tirwun ina yi wa dashen gwaiba kewaye, waya ta yi ƙara. Rubutu ne gajere daga gare ta: akwai guda ɗaya da ya ce a aiko maka ranar da mahaifiyarsa ta rasu, ban san abin da ke ciki ba. A ƙarƙashinsa ga saƙon murya. Na aje fartanya, na goge hannuna a riga, na kunna. Muryar ta fi ta sauran rauni, yana tsayawa yana jan numfashi.

"Malam Bitrus. In kana jin wannan, Inna ta tafi, ni kuma na daɗe da riga ta. Na san kai mai lura ne, wataƙila ka gane tun tuni ka yi shiru. Na ɗora maka kaya ban tambaye ka ba, ka yafe mini. Amma ka ga, ta tafi ba ta binne ni ba. Na gode da ka rufa mini asiri har ƙarshe."

Sai ya yi shiru, irin shirun nan da yake bari a amsa masa, injin yana bugawa a bayansa. Ya daɗe kafin saƙon ya yanke.

Ba kowa a gonar sai ni. Na san sarai inda amsa za ta je, da wadda za ta saurare ta a kicin ba ta gane ko kalma ɗaya ba. Duk da haka na danna na kai wayar bakina.

"Likita, ban rufa ba. Ta tambaye ni na faɗa mata. Ta sani, kuma shekara biyu da wata uku tana roƙa maka gafara sau biyar a rana. Na yafe maka. Kai ma ka yafe mini."

Na aika, na sa wayar a aljihu, na ɗauki fartanyata.